Wai aljani tsoron batir yake ji?

Saura kamar minti goma fim ɗin ya ƙare wani magidanci da ke zaune a bencin baya ya ɗaga murya. Ba da ni yake ba, bai ma san mai fim ɗin yana ɗakin ba. Cewa ya yi, "To wai yanzu aljani tsoron batir yake ji?" Rabin gidan kallon ya kwashe da dariya, yaran da ke zaune a ƙasa gaban allo suka juyo suna cewa don Allah a yi shiru. Ina tsaye a bakin ƙofa, jikina ya yi sanyi, domin fitowar da ake yi wa dariyar ita ta fi cin kuɗinmu da barcinmu a duk aikin.

Labarin ba mai sarƙaƙiya ba ne. Wani ƙauye ne rijiyoyinsa suka ƙafe, boka ya ce aljana ce ta riƙe ruwan, sai an riƙa yanka mata baƙar akuya duk wata. Sai ga wata 'yar garin da ta yi karatun injiniya ta dawo gida da na'urar gano ruwa, da ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, da faifan sola. A ƙarshe suka yi karo cikin dare a bakin tsohuwar rijiya. Bokan yana jefo wuta daga tafin hannunsa, ita ta kunna na'urarta, lantarki ya mayar masa da wutarsa, aljanar ta kurma ihu ta ɓace, ruwa ya ɓulɓulo.

Da ciwo a raina na rubuta shi. Wata 'yar uwata ta taɓa sayar da keken ɗinkinta, wanda da shi take ciyar da 'ya'ya uku, ta kai wa wani mutum kuɗin don ya karya sammun da ya ce an yi mata. Keken bai dawo ba, ciwon bai tafi ba, sai daga baya a asibiti aka gano hawan jini ne. Tun daga lokacin nake son in ga ranar da za a kayar da boka a gaban jama'a, kuma ilimi ne zai kayar da shi. Na kuma taso da karatun littattafan yaƙi na kasuwar Kano, masu matsafa da takubban sihiri da dakarun aljanu, don haka ina ƙaunar irin wannan labari tun ina yaro.

Mun yi ɗauka kwana 11 a wani ƙauye ta wajen Rano, inda duwatsun nan suke, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairun 2023. Duk wanda ke Najeriya a lokacin ya san abin da ake ciki: canjin kuɗi. Kuɗi na asusu, amma ba ka iya taɓa su. Matar da ke dafa mana abinci ba ta da asusun banki, mai akuyar da muka ara ba shi da shi, yaran da suka fito a matsayin jama'ar gari balle su. Kullum da asuba sai mun tura mutum a babur ya je neman takardun kuɗi wajen masu POS, wani lokaci sai azahar zai dawo da abin da bai kai rabin buƙata ba. Kayan boka a kasuwar Kurmi na haɗa su: jan ƙyalle, wuri, ƙaho, ƙananan madubai, da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Koren yadin da ake tsayawa a gabansa don a sauya bango a kwamfuta kuwa a Kantin Kwari muka yanko, muka ɗaure shi a jikin katanga da igiyar shanya.

Wutar hannun boka ita ce abin alfaharinmu. A wurin ɗauka, wani yaro ne ya kwanta a ƙasa riƙe da tocila da muka naɗe da jar leda, yana haska fuskar ɗan wasan daga ƙasa yana ɗan girgiza hannu, don hasken ya yi kama da na harshen wuta. Sauran aikin edita ne ya yi da Blender da DaVinci Resolve, waɗanda ake samu kyauta, a wata kwamfuta da take zafi har sai an ɗora ta a kan bulo biyu an kunna mata fanka. Fitowar ba ta kai minti 3 ba, amma sati 3 ta ci. Sau biyu ana ɗauke wuta cikin dare aikin ya lalace a sake daga farko.

Kafin mu kai fim ɗin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 ake bi ta hannunta, sai na ce bari mu fara gwada shi a gaban mutanen da ba abokanmu ba. Aboki zai ce maka ka yi ƙoƙari ko da me ka kawo masa. Bayan ƙaramar salla na roƙi wani mai gidan kallon ƙwallo ya ba mu dare ɗaya da ba a wasa, muka ce shiga kyauta. A nan ne magidancin nan ya yi tambayarsa.

Abin da na fi tsoro tun farko shi ne a raina siddabarun kwamfutarmu. Samarin nan kullum suna kallon fina-finan Indiya da na Sin da aka fassara da Hausa, waɗanda kuɗin fitowa guda a cikinsu ya ninka na fim ɗinmu gaba ɗaya sau da yawa. Amma kusan ba wanda ya tsaya a kan wannan. Ɗaya ya ce gefen rigar bokan yana kore-kore a wani wuri, sai na kusa da shi ya ce ai a hakan ma an yi abin kai. Shi ke nan. Yara kuwa wutar ta tafi da su, har a waje suna ta miƙa tafin hannu suna kwaikwayon bokan.

Wanda ya fara tare ni da gyara na gaske wani mai haɗa sola ne. Da aka gaya masa ni ne darakta sai ya ja ni gefe, ya ce, "Yaya, ba raini ba, amma wa ya ɗaura muku faifan nan?" Na ce mu muka ɗora da kanmu. Ya ce ya lura da masallacin da ya fito a bayan injiniyar, daga alƙiblarsa ya gane faifan arewa yake kallo, alhali a ƙasarmu kudu ake fuskantar da shi, don ta can rana take karkata a mafi yawan shekara. Sannan ya ce famfon ya tashi da tsakar dare, kuma bai ga batir ko ɗaya a wurin ba. "In yarinyar nan injiniya ce da gaske, ba za ta yi haka ba. Kun sa na daina yarda da ita." Maganar ta shige ni. Na kwashe watanni ina tattalin yadda wutar ƙarya za ta yi kama da gaske, ban ba abin da yake na gaske ko yini guda na bincike ba. Wutar boka ba wanda ya taɓa gani balle ya ce ba haka take ba, amma sola tana kan rufin shaguna a kowace unguwa.

Kallo na biyu a gidan goggona aka yi, a tsakar gida, mata da 'yan mata kusan 20, bayan isha'i. Nan na fi samun magana, domin su ba sa jira a gama, suna kallo suna sharhi. Tun fitowar boka ta farko, yana zaune a kogo cikin jan ƙyalle yana ƙyaƙyata dariya, wata maƙwabciya ta ce, "Kai, wane boka ne yanzu yake zama a kogo?" Sai zance ya ɓarke. Suka ce na yanzu a gida mai tayil yake, da farar shadda da hula, wayoyi biyu a gabansa, turare na tashi, kuma ba ya yarda a kira shi boka. Ba ya yi maka tsawa, lallashinka yake, ya fara gaya maka abin da ke damunka kafin ka buɗe baki, domin tun a layi yaransa sun gama jin labarinka. Wata ta kawo zancen masu kiran waya da tsakar dare su maƙe murya su ce su aljanu ne, a tura musu kati ko kuɗi. Goggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wannan naka ai ba wanda zai kai masa ko kwabo. Mai ban tsoro ba ya cutar kowa, mai daɗin baki shi ne abin gudu." Na tuna mutumin da ya karɓi kuɗin keken 'yar uwata. Ban taɓa tambayarta kamanninsa ba. Bokan fina-finai na kwafo, wanda aka saba gani shekara da shekaru, ba wanda ya cuce mu ba.

Sun so injiniyar, wannan kam ya faranta mini. Wata yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare ta biyo ni har zaure tana tambayar sunan karatun da ake yi a zama mai gano ruwa. Amma sun yi ta tambayar ina uwarta, a gidan wa ta sauka, ya aka yi ta fita bakin rijiya da tsakar dare ba wani babba a tare da ita. A wurinsu mutumin da ba a ga danginsa ba bai cika mutum ba. Goggo kuma ta ƙara da abin da har yau nake gaya wa duk mai shirin ɗaukar fim: hoto ko ya dushe tana iya gani, amma maganar da iska ta cinye ba ta da yadda za ta yi da ita. Iskar hunturu ta shiga makirfonmu a kusan duk fitowar waje, mun sani, muka ce za a gyara a kwamfuta. Ba ta gyaru ba.

Tambayar batir ɗin ce dai ta hana ni sakat, har na ɗauki wayata na je wurin malamin da na yi karatun allo a hannunsa. Bayan an idar da la'asar na zauna a gefen buzunsa na nuna masa ƙarshen fim ɗin. Ya kalla shiru, ya ce in mayar baya, ya sake kallo. Sannan ya ce, "Wannan yarinyar Musulma ce?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Musulma ce mana." Ya ce tun da ta taho bakin rijiyar har ta gama bai ji ta yi bisimilla ba. Ya karanto mini aya ta 102 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci sihiri da Haruta da Maruta, aka kuma ce masu yinsa ba sa cutar da kowa da shi sai da izinin Allah. Ya tuna mini ƙissar Annabi Musa da matsafan Fir'auna, yadda suka sihirce idanun mutane, sandarsa ta haɗiye abin da suka ƙirƙira. Ya ce, "Ɗana, zaɓi ɗaya za ka yi. In bokanka maƙaryaci ne, to wutar nan daga ina? In kuma da gaske shaiɗanu yake aiki da su, to Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu aka ba mu, ba a ba mu waya da batir ba. Ka haɗa abu biyu da ba a fili ɗaya suke kokawa ba."

A hanyar komawa gida na yi ta juya maganar. Tsarin da na ɗauko, na a ajiye kimiyya a gefe guda a ajiye tsafi a ɗaya gefen a ga wanda zai yi nasara, ya fi zama daidai a wurin mai kallon da ya ɗauki tsafi tatsuniya. Shi a wurinsa duka wasa ne, ko sandar tsafi ta ci ko bindigar lantarki ta ci, daɗin kallo kawai yake nema. Mutanen da na tara a gidan kallon ƙwallo ba haka suke ba. A cikinsu akwai wanda aka yi wa ƙanwarsa ruƙiyya, akwai wanda ya yi imani kurciya aka yi wa wansa da ya bar gari shekara goma ba labari, akwai mai laya a ƙugu a daren. Kuma labarin karo da tsafi ba baƙo ba ne a Kano. Tarihin garin da Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala ya fara, kuma a yadda aka rubuta shi, zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, shi ya kawo tsayar da salla da gina masallaci. Shekaru sama da 600 ke nan mutane sun san wane ne abokin karon tsafi a labari. Ni na cire shi na sa akwatin ƙarfe a gurbinsa, na zaci ba za a lura ba.

Ba kowa ne ya bi bayan Malam ba. Wani ɗalibin jami'a da ya kalla a daren farko ya neme ni daga baya, ya ce in na kuskura na ƙare fim ɗin da wani malami ya zo ya yi addu'a boka ya narke, to na koma layin da kowa yake bi, kuma na ci amanar yarinyar da na gina tun farko. Shi so yake a tona asirin bokan ƙarara: a nuna sifikar da ya ɓoye a cikin ƙwarya, a nuna sinadaran da yake haɗawa wuta ta tashi. Ya ce mutane ba sa buƙatar a ƙara tabbatar musu akwai aljanu, sun riga sun yarda. Abin da ba a nuna musu shi ne yadda ake damfararsu da sunan aljanun. Na ga gaskiyarsa, kamar yadda na ga ta Malam.

Kallo na uku shi ya fi yi mini nauyi. Mun koma ƙauyen da muka yi ɗauka, muka kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan mai gari, muka tayar da janareta. Mutane sun yi murna da ganin kansu, duk wanda ya fito sai a kira sunansa a yi shewa. Da aka tashi, wani dattijo ya tsaya yana jirana. Ashe shi ne mai haƙar rijiya na yankin, sana'ar da ya gada. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Yaro, a garin nan naka na cikin fim, ba mai hankali ko ɗaya sai da yarinya ta zo daga birni?" Na rasa abin cewa. Ya ce shi ya haƙa rijiyoyi sun fi a ƙirga, bai taɓa yanka wa kowa akuya ba. Yana duba inda ɓaure ya yi lif da rani, inda gara ta yi suri, inda ciyawa ke daɗewa ba ta bushe ba, yadda ƙasa ta kwanta tsakanin duwatsu. Ya ce ya taɓa aiki tare da masu na'urar da suka zo haƙa burtsatse, ya ga yadda suke yi: ƙarafa huɗu suke kafawa a jere a ƙasa, su tura lantarki, su rubuta lambobi a takarda, su matsa su sake. Ba wani ruwa shuɗi da ke fitowa a allo kamar yadda muka nuna. Kuma sau da yawa inda lambobinsu suka nuna, nan shi ma ya nuna tun da safe. "Abin da nake yi sani ne, Baba, ba tsafi ba," in ji shi, yana kirana Baba saboda sunan mahaifinsa gare ni. "Kai kuma ka zuba mu duka a kwando ɗaya da boka."

Daga baya na tambayi wani masanin ƙasa, ya tabbatar mini da bayanin dattijon. A kudancin Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwa a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa yake taruwa, kuma jiƙaƙƙen wuri ya fi busasshen dutse barin lantarki ya wuce. Bambancin nan na'urar take aunawa. Idon mai haƙar rijiya ma alamun wannan damshin yake bi ta jikin itatuwa.

Sai muka yanke shawarar sake ɗaukar wasu fitowa. Kafin mu haɗa kuɗi aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota da na janareta suka ninka. Ga damina ta sauka, ƙauyen da muka ɗauka fari fat da ƙura ya koma kore shar, ba yadda za a haɗa sabon hoton rana da tsoho. Kwana 2 kawai muka iya, kuma cikin ɗaki da cikin dare.

A sabon tsarin bokan ya sauya kaya, aƙalla a fitowar da yake ganawa da mata a ɗakinsa: farar riga, murya ƙasa-ƙasa. Kogon ya zama wurin da yake kai mutane don ya tsorata su. Wani yaro mai gyaran waya ne ya gano sifikar a cikin ƙwarya. Mun ƙara wani tsoho mai haƙar rijiya da injiniyar take zuwa gaishewa, suna zaune a zaure tana nuna masa lambobinta yana gaya mata sunayen itatuwan wurin. Mun ba ta uwa, wadda ta tofa mata addu'a a ka kafin ta fita, ita ma ta yi bisimilla kafin ta taɓa na'urar. Aljanar kuwa ba mu ce akwai ta ba, ba mu ce babu ba, ba a dai ganinta. Wutar hannun boka ta koma cikin mafarkin da injiniyar ta yi a daren da tsoro ya kama ta, ta farka tana karanta Falaƙi da Nasi. Da wannan na lallashi edita, wanda ya yi kwana biyu ba ya ɗaga wayata da ya ji za a taɓa aikinsa na sati 3. Muryoyin da iska ta ɓata kuma muka sake ɗaukarsu a ɗaki, muka toshe taga da katifa.

Ba kowa gyaran ya yi wa daɗi ba. Da muka sake haskawa a gidan kallon, yara sun yi gunaguni da suka gane wutar mafarki ce, wani saurayi ya ce na farkon ya fi zafi, wannan ya koma wa'azi. Ɗalibin jami'ar ya ce na yi rabi na bar rabi. Ni dai na fi tsayawa a bayan na biyun, domin a wannan karon da aka fito gardama ake yi a kan bokan da yarinyar, wani na cewa ai akwai irinsa a unguwarsu, ba a kan batir ba.

Bayan kaka na koma ƙauyen da kwafin ƙarshe a waya, na sami dattijon a gindin bishiya yana gyaran igiyar guga. Na zauna kusa da shi muka kalla tare, kansa a sunkuye kan ƙaramin allon. Da aka zo wurin tsohon mai haƙar rijiya ya gyaɗa kai, bai ce komai ba. Da aka zo inda ruwa ya ɓulɓulo sai ya sa yatsa a kan allon ya ce in tsayar. Ya daɗe yana duban duwatsun da ke bayan hoton. Ya ce, "Nan wurin na san shi. Ko gaba 40 ka haƙa, dutse za ka tarar. Da kun matsa gindin ɓauren can na yamma, gaba 12 ta isa." Fitowa ce ta lokacin rani, tana cikin waɗanda ba mu sami halin sakewa ba. Haka fim ɗin ya fita da ita.